Mashayar Bube

Shafi na 23

Salamu alaikum mutanena. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in shafin yau bai fito ba za ta biyo ni gida da tabarmarta. Ki zo, akwai wanke-wanke yana jiranki. Ku kuma masu zagin Bube, da kuka cika mini waya da "wannan wane irin uba ne", ku ɗan riƙe bakinku har ku kai ƙasan shafin nan. Ni ma ranar da kakata Zahara'u ta fara ba ni labarin mahaifin nata, haushinsa na ji.

Ga waɗanda suka shigo yau. Na'Allah shi ne ɗan Bube na fari. Yana karatun itatuwa da tattalin daji a makarantar daji ta Badun, can kudu, a shekarun ƙarshe na mulkin Turawa, lokacin da 'yan ƙasar Sakkwato da ke can ba su cika yatsun hannu ba. Ya zo hutu, aka haɗa shi aiki da Baturen daji, wani ƙato da mutanen Kebbe suka sa wa Ɗangiwa. Za a yanke dajin da ke bayan rugarsu a mai da shi gandu. Kafin a rufe, ana zama a ƙofar hakimi, duk mai wani haƙƙi a cikin dajin, mai ɗiban zuma ne ko mai shayar da shanu, ya tashi ya faɗa da bakinsa. Wanda ya faɗa a bar masa. Wanda ya yi shiru ya rasa ke nan har jikokinsa.

A cikin dajin nan akwai idon ruwan da shanun Bube ke sha da rani. In aka rufe shi, sai gulbi, tafiya mai nisa, ga ƙudan tsando a bakinsa.

Ɗangiwa sabon zuwa ne daga kudu, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "madalla" ba. Tafintansa kuwa kurkunu ya kwantar da shi, sai aka zaunar da Na'Allah a madadinsa. Jiya da aka kira Bube ya tashi, ya ɗaga kai ya ga wanda zai yi wa magana, sai ya sunkuyar da kai ya koma ya zauna. Ko tari bai yi ba.

Ku 'yan yanzu da kuke ɗaukar ɗanku na fari kuna sumbatarsa a gaban surukai ba za ku gane ba. A wancan zamani, a gidan masu shanu irin nasu, ɗan fari abin kunya ne. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya yi masa magana sai ta bakin wani. Tun daga yaye aka kai Na'Allah Tambuwal wurin Goggo Yelwa, yayar Bube, a hannunta ya girma. Bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba.

To, mu je.

Gari na wayewa Na'Allah ya hau keke daga barikin Kebbe ya nufi ruga, ransa a ɓace. Ya yi sa'a Goggo Yelwa tana nan, ta zo jegon matar ƙanensa Sambo. Ya same ta tana dama fura a gindin rumbu, Bube kuma yana can gefe ya durƙusa yana cire wa wani maraƙi kaska.

Ya gaishe su. Goggo ta amsa. Bube ya amsa wa maraƙin.

"Goggo, ki tambaye shi mi yas sa bai yi magana ba jiya."

Goggo ko ludayin ba ta ajiye ba. Ta ce, "Bube, ka dai ji."

"Adda, ki ce ma ɗanki ban ga wanda za ni yi ma magana ba."

Na'Allah ya yi ta bayani. Ya ce a ƙofar hakimi shi ba ɗa ba ne, bakin Bature ne kawai. Ya ce doka ba ta yarda Sambo ya faɗa ba tunda mai garken na raye yana zaune a wurin. Ya ce yau da la'asar ne zama na ƙarshe. Goggo tana ɗaukar kowace magana tana miƙa wa mutumin da ke jin su sarai daga inda yake, shi kuma yana ta cire kaska kamar an ɗauke shi haya.

Daga ƙarshe haƙurin yaron ya ƙare.

"Goggo, in anka rufe ruwan ga, ni za a ce na rufe. Duk ƙasar ga za a ce Bube ya kai ɗanshi boko ya dawo ya kashe mishi garke. Kuma duk a kan mi? A kan kwatamin da shanu sunka tattake, wanda ko tsakiyar rani bai kaiwa."

Haka ya san wurin. Rabonsa da shi tun yana makarantar midil: wani rami ne a gindin tudu, kewaye da kututture da kashin shanu, ruwan ja wur, kafin zafi ya yi tsanani ya ƙafe a koma tonon yashi.

Bube ya saki maraƙin. Ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe gwiwa, ya ɗauki sandarsa.

"Adda, ki ce ma wancan shi aje keken."

Ya kama hanya bai waiwaya ba. Goggo ta rufe furarta ta yafa zane, tana mita cewa ita dai an mai da ita wayar tangaraho da tsufanta. Sambo ya fito daga bukka ya bi bayansu, yana ta satar kallon yayansa yana danne dariya.

Bazara ce ta sosai. Ciyawa ta ƙare, ƙasa ta yi fari, sabara duk ta yamutse. Suka yi ta ratsa fako. Na'Allah yana tafe yana shirya sabuwar hujja a ransa, har suka zagayo tudun.

Sai ya tsaya cak.

Inda ya san fili, shinge ne na ƙaya, sarƙaƙiya da farar ƙaya an jibge su sun fi tsayin mutum, sun yi zobe da gindin tudun gaba ɗaya. A bayan shingen kuma kore ne. Ba koren da ake gani a lambu ba, kore mai duhu, mai kauri, a tsakiyar ƙasar da komai nata ya ƙone. Ya murza ido. Ya ɗauka zafin rana ne ya taɓa shi.

Bube ya ja wani reshen ƙaya gefe, wata 'yar ƙofa ta bayyana. Sai da kowa ya sunkuya kafin ya shiga.

Ni kaina da nake rubutawa yanzu tsigar jikina tashi take yi.

Abin da ya fara dukansa sanyi ne, irin na cikin randa. Sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, a watan da ko hadari ba a fara gani ba. Ƙafarsa ta nutse a cikin busasshen ganye har idon sawu. Ya ɗaga kai bai ga rana ba sai ɗigo-ɗigo. Kututturan nan da ya sani, waɗanda aka sare tun yana yaro, kowanne ya fitar da sabon jiki ya miƙe sama: kanya, ɗinya, marke, baure, malmo. Maɗaci matasa sun jeru santala-santala, sun fi mutum a kan doki. Tsuntsaye kuwa sai ka ce ranar kasuwarsu ce. Wata gada ta ɗago kai ta dube su, ba ta ko yi saurin gudu ba.

A tsakiya, daga ƙarƙashin wani falalen dutse, ruwa na fitowa. Ba ya ƙara, ba ya gaggawa. Fari tas, har kana ganin yashin ƙasansa yana motsi a inda yake ɓuɓɓugowa. Ya taru a wani ɗan gurbi, ya bi wata siririyar hanya da aka jera wa duwatsu, ya fice ta ƙarƙashin shingen zuwa waje, inda shanu ke sha ba tare da sun taka ciki ba.

Na'Allah ya durƙusa. Ya tura hannu cikin ganyen ya damƙo ƙasa, ta fito baƙa ƙirin, da laima, da tana a ciki tana motsi. Ya yi ta kallonta a tafin hannunsa. Wannan ƙasar ce malamansa ke zanawa a allo. Ya rubuta ta a jarrabawa, ya ci. Amma a can ƙasan ransa ya ɗauka abin Badun ne, inda ruwan sama ba ya yankewa. Bai taɓa yarda har zuciya cewa ƙasar Kebbe za ta iya haka ba.

Ya juya wurin ƙanensa.

"Sambo, wa yay yi wanga aiki?"

Sambo ya nuna ubansu da haɓa. Sannan ya ce, "Kai kac ce a yi."

"Ni?"

Sai Sambo ya tuna masa. Hutunsa na farko daga Badun, ya zo ruga da farin wando da zumuɗin sabon ilimi. Da yamma ya tara ƙannensa a tsakar gida ya ce zai nuna musu abin mamaki. Ya ɗebo ruwa a ƙwarya ya zuba a kan fako, ruwan ya gudu ya kwashi ƙasa ya tafi. Ya ɗebo wani ya zuba a inda ciyawa da ganye suka rufe, ruwan ya tsaya ya nutse. Ya ce musu haka idon ruwa yake, tudun da ke kansa ne ke sha da damina ya riƙa ba shi da rani. Ya ce kututture ba matacce ba ne, saiwarsa na nan da rai a ƙasa, in za a hana baki da kofato da wuta isa gare shi na 'yan shekaru, daji zai tashi da kansa.

Dariya aka yi masa ranar. Zahara'u, kakata ke nan, ta ce an kai shi Badun ya koyo zubar da ruwa. Shi kansa ya ji kunya ya bar zancen, bai sake tayar da shi ba.

Bube yana tsakar gidan a lokacin. Ya ba su baya yana tufkar igiya, kamar ba ya duniyar.

Sambo ya ce washegarin komawar Na'Allah makaranta, tun da sassafe tsohon ya tashe shi ya miƙa masa gatari. Suka yi ta saran ƙaya suna ja har hannuwansu suka fashe. Shekarar farko shanu suka sha wuya, maƙwabta suka ce Bube ya taɓu, yana katange kwatami. Kowace kaka tsohon shi kaɗai yake share ciyawar da ke kewaye da shingen don kada gobarar mafarauta ta shiga. Ya kuma hana kowa a gidan ya faɗa wa Na'Allah.

"Don mi?" in ji Na'Allah.

Goggo ce ta amsa, tana share ido da bakin zane. "Kai ma dai. Shi aika a gaya maka ya ji maganarka? Da wane baki?"

Jama'a, ni a nan na yafe wa Bube komai. Mutumin da bai taɓa duban fuskar ɗansa ba, ashe ko kalma ɗaya ta yaron ba ta faɗi ƙasa ba.

Na'Allah ya sa hannu biyu ya ɗebi ruwan ya sha. Sanyinsa ya riƙe masa haƙori. Ya sake sha. Hawaye na zuba a cikin tafin nasa yana shanye su tare, bai damu da Sambo na kallo ba. Bube yana tsaye can gefe ya juya baya, yana duba wani reshe da babu abin da ya same shi.

Da Na'Allah ya natsu sai ya ce wa Goggo ta gaya wa tsohon yanzu ne ma magana ta zama dole. Ruwa irin wannan ba a barinsa ya kuɓuce. In kunya ce, shi zai sunkuyar da kai ya rufe fuska da hula, tsohon ya yi magana da iska, shi kuma ya juya wa Bature.

Bube ya yi tambaya, yana kallon reshen.

"Adda, tambaye shi. In anka ce mashaya ta, ta wa za ta zama?"

Na'Allah ya faɗi gaskiya. Ya ce doka ba ta ba mutum ɗaya ruwa a cikin gandu. In an amince mashaya ce, ta zama ta duk mai shanu a ƙasar hakimin, har da baƙi masu wucewa.

"Shingen fa?"

Ya ce shinge sai an cire, ba a katange abin jama'a.

"In ba a faɗi ba fa?"

Ya ce to an rufe wa kowa, har da su. Ba sara, ba kiwo, ba wuta. Malamin daji zai riƙa zagayawa, wanda aka kama a ciki sai gaban alƙali.

Bube ya gyaɗa kai. Ya dubi itatuwan nan tun daga gindi har sama, ɗaya bayan ɗaya, yadda yake duban shanunsa in sun dawo da yamma. Ya ce wa Goggo ta ce wa ɗanta zai zo.

Sambo har da tsalle. Na'Allah ya koma Kebbe yana taka keke kamar ba a kan yashi ba.

La'asar ta yi, ƙofar hakimi ta cika. Labarin jiya ya zaga gari, har waɗanda ba su da ko akuya sun zo ganin yadda uba zai yi da ɗan fari. Hakimi na zaune a kan shimfiɗarsa, dogarai a tsaye. Ɗangiwa ya cika kujerarsa yana ta sharce gumi. Na'Allah na gefensa a tsaye, ya ja hula har gira kamar yadda ya yi alkawari. Sambo ya kutsa ya zauna dab da ƙafarsa. Goggo na can baya cikin mata.

Aka sallami mai zuma. Aka sallami masu yankan ciyawar jinka. Dogari ya ɗaga murya ya kira Bube.

Ya taso da sandarsa. Ya gai da hakimi. Kowa ya zaci zai tsaya daga nesa ya fuskanci bango. Sai ya yi ta matsowa, har ya zo gaban ɗansa, ya tsaya, ya ɗaga kai ya dube shi a cikin ido.

Wata tsohuwa a baya ta ce a'uzubillahi a hankali.

Na'Allah bai taɓa ganin idon ubansa daga kusa ba. Ashe irin nasa ne.

"Akwai ruwa cikin dajin ga," in ji Bube. "Gindin tudu. Ubana ya shayar nan, ni ma na shayar. Ban zo neman a bar min shi ba. Na zo in ce a rufe shi. A sa shi tsakiyar gandu, a hana kowa, a fara da shanuna."

Hayaniya ta tashi. Masu shanu suka fara miƙewa, dogarai na tsawatarwa. Hakimi ya tambaye shi ko ya san abin da yake faɗa, ya san nisan gulbi, ya san abin da ƙudan tsando ke yi wa garke. Bube ya ce ya sani, ya kuma san abin da garken ƙasa guda zai yi wa wurin nan kafin damina ta faɗi. Ya ce ya ga ruwan nan ya mutu sau ɗaya, ba zai tsaya ya ga na biyu ba.

Duk abin da aka koya wa Na'Allah a Badun yana gaya masa tsohon ya yi daidai. Amma ya san shanun nan da sunayensu. Su ne nonon gidan, su ne abin da jaririn Sambo zai tashi ya tarar. A gulbi rabinsu ba za su ga wata bazarar ba.

Sai ya ji an ja ƙafar wandonsa. Sambo ne, fuskarsa ta jiƙe, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, Bature bai jin Hausa. Hakimi bai jin Turanci. Kai kaɗai na. Ka ce mashaya shika so. Don Allah, Yaya."

Gaskiya ne kuwa. Duk faɗin wurin nan babu mai harshe biyu sai shi. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne zai zauna.

Ko Bube ya ji raɗar, ko fuskar yaron ya karanta, kakata ba ta sani ba. Ya dai ƙara matsowa taku ɗaya.

"Na'Allah."

Goggo Yelwa ta dafe ƙirji.

"Yadda nif faɗa, haka za ka faɗa. Kak ka gyara min."

Ɗangiwa ya dubi tsohon, ya dubi taron da ya rikice, bai gane komai ba. Ya juyo wurin tafintansa ya tambaye shi da Turanci me mutumin nan yake so.

Hannun Sambo na nan riƙe da ƙafar wandonsa. Idon ubansa na cikin nasa.

Na'Allah ya cire hular daga kansa, ya buɗe baki.